Eriya a Saman Benen Hajiya Dije

Na shiga Kwatano ana wani irin zafi mai danshi wanda ban taɓa sani ba a Funtuwa. Zufa ba ta bushewa, sai dai ta kwanta a jiki. Faransancin da na yi watanni ina haddacewa a Zariya kuwa tun a iyakar Seme ya gudu ya bar ni. Jami'in da ke buga hatimi ya yi mini tambaya, na ce masa na gode. Ya sake tambaya, na sake gode masa. Mutanen da ke bayana a layi suka tuntsire da dariya, na karɓi fasfona ban iya ɗaga kai ba.

Sunana Asma'u. Fiziks na karanta, kuma na zo ne yin digiri na biyu a hannun wani Furofesa da ke binciken ruwan sama. Na baro mijina yana koyarwa a sakandare, na baro 'yata Hafsa, wadda ba ta daɗe da fara magana ba, a hannun mahaifiyata.

Masaukina na farko a unguwar Vedoko ya kamata ya kasance. Wani dillali da aka haɗa mu da shi ta waya ya karɓi kuɗin ɗaki tun ina gida. Da na isa na ƙwanƙwasa, sai wata mata mai goyo ta buɗe, ga tukwanenta, ga gadonta, ga hoton aurenta a bango. Lambar dillalin ba ta shiga ba, kuma ba ta sake shiga ba har na bar ƙasar. Na zauna a kan akwatina a bakin ƙofa, na rasa wanda zan yi wa kuka da wane harshe. Matar ta kawo mini ruwa da kujera 'yar tsuguno. Ta dubi mayafina, ta dubi fuskata, sannan ta fita ta tsayar da ɗan acaba mai rawayar riga, irin waɗanda suke kira zemijan. Kalma ɗaya na gane a cikin maganarsu: Zongo.

A Zongo na fara jin numfashina ya dawo. Wani mai tsire yana ciniki da Hausa, ana kiran sallar azahar, rediyon wani shago yana wa'azi. Aka kai ni gidan Liman, matarsa ta saurari labarina, ta ce, "Wannan sai Hajiya Dije."

Hajiya Dije dillaliyar atamfa ce a kasuwar Dantokpa. Doguwa ce, mai babbar murya, gwiwoyinta na damun ta. A nan aka haife ta, a nan aka haifi ubanta, kakanta ne ya zo da fataucin goro. Mijinta ya rasu ya bar mata bene mai hawa biyu, inda take zaune da ɗanta Nasiru, direban babbar mota, da matarsa. Ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Da aurenki?"

"Da aurena, Hajiya."

"Ya san kina nan?"

"Shi ya raka ni tasha."

"To. Ga ɗaki can a sama. Lekol ɗin naki, makarantar bokon nan, ki yi ta zuwa. Amma a gidana ba a tsallake abincin dare."

Na yi maganar haya, ta ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. Duk lomar da na kai baki a makonnin farko da nauyi take sauka. Ni da na saba ciyar da wasu, ga ni ana zuba mini a kwano, ana ƙara mini kifi ana cewa na rame.

Aikin da Furofesa ya ba ni ba shi da wuyar faɗa idan mutum ya nutsu. Akwai taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya suna aiko da sigina, wadda na'urorin GPS ke amfani da ita su gane inda mutum yake. Idan siginar ta ratso iska mai danshi, sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta iso ƙasa. Idan ka kafa eriya a wuri guda, ka san matsayinta daidai, ba ta motsa ko da faɗin farce, to wannan ɗan jinkirin zai gaya maka yawan tururin ruwan da ke saman kanka. Furofesa da abokan aikinsa sun kafa irin waɗannan na'urori daga bakin teku har zuwa arewa mai nisa, suna son gane yadda danshin teku ke tafiya ya zama daminar ƙasashenmu. Wato ruwan da ke sauka a gonar babana a Funtuwa, ta kan Kwatano yake bi. Abin da ya sa na so aikin ke nan.

Tashar bakin teku ce aka damƙa mini. Sharaɗin shi ne eriyar ta zauna daram tun kafin babbar damina har ƙarshen ƙarama, domin damina biyu suke yi a can. In aka motsa ta a tsakiya, lissafin ya lalace, sai a jira wata shekara, ni kuma tallafina na shekara ɗaya ne. Matsalar ita ce rufin sashenmu na jami'a dogayen itatuwa sun kewaye shi. Furofesa ya ce a nemo bene mai dakali a sama, inda sararin samaniya yake a buɗe, inda kuma ba za a sace kayan ba.

Na faɗi haka a wajen cin abinci, hira kawai nake yi. Hajiya ta ce, "Ga saman gidana, ban da shanya me ake yi da shi?"

Nasiru ya ajiye cokali ya ce, "Inna."

Ta ce, "Ci abincinka."

Na ga kallon da suka yi wa juna, na ɗauka maganar siminti ce da za a zuba a rufin.

Magini ya gina ɗan ginshiƙi, aka dasa ƙarfe, aka ɗora eriyar. Fara ce, kamar an kife babban kwanon sha. Waya ta sauko daga gare ta zuwa ɗakina, inda na'urar take da batir saboda ɗaukewar wuta. Ranar da za a auna matsayinta, Furofesa ya zo da wani Bature abokin aikinsa, da wani ma'aikacin ofishin taswira sanye da kaki, a cikin mota mai lambar gwamnati. Suka yi rabin yini a saman benen. Duk layin aka fito ana kallo. Ni kuwa ina ta hawa da sauka da takardu a hannu, ina jin daɗi ana ganina.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamana. Kowace safiya in duba na'ura, in kwashe bayanai, ƙarshen mako in kai wa Furofesa. Na fara ganin yadda lambobin ke hawa kafin hadari ya haɗu, su faɗo bayan an sheƙa ruwa. Ranar Juma'a nakan je shagon waya in kira gida. Wata rana aka ba Hafsa, na ce, "Hafsa, Mama ce." Na ji ta juya tana tambayar kakarta, "Wace Mama?" Na biya mai shago na fito ina share ido da gefen mayafi.

A cikin wannan lokacin ne gaisuwa ta fara gajarcewa a layinmu. Mai ƙosai ta daina tambayata mutanen gida. Matan maƙwabta da ke shigowa aron turmi suka ɗauke ƙafa. Hajiya ta fara dawowa daga kasuwa tun la'asar ba ta yi ba, ta ce gwiwa ce. Na ji labarin 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, sun kama motar shinkafar Alhaji Tanko, maƙwabcinmu na dama, a hanyar iyaka. Ba a jima ba suka sake kama wata. Na ce Allah ya mayar masa da alheri, na koma kan lambobina. A zatona mutane sun gaji da baƙuwa 'yar boko ne kawai.

Sai matar Nasiru ta haihu, namiji, jikan Hajiya na farko. Hajiya ta yi shiri irin na wadda ta daɗe tana jira. Aka kafa rumfa ta tare layi, aka jera kujerun haya, aka ɗaure rago, aka sayo goro da alewa. Tun asuba masu girki suka ɗora manyan tukwane. Ni ma ta yanka mini atamfa iri ɗaya da ta 'yan gida.

Hantsi ya yi, kujerun suna nan yadda aka jera su. Liman ya zo da mutum kaɗan, ya yi addu'a, aka raɗa suna, suka ɗauki goro suka tafi. Abokan Nasiru direbobi suka zauna a layin gaba, suna ta ɗaga murya don wurin ya yi kamar da mutane. Na ce a raina yinin mata zai cika. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Dangin mai jego ne kawai, da wasu mata biyu ba Hausawa ba, maƙwabtan rumfar Hajiya a kasuwa. Ina tsaye ina kallon mata sun ci ado suna wucewa ta bakin rumfar, suna kawar da kai. Hajiya tana zaune a tsakar gida da jariri a cinya, ta sha ɗauri, tana yi wa duk inuwar da ta gifta ƙofa murmushi.

A kan matakala na ci karo da Nasiru. Na ce, "Nasiru, wai lafiya? Ko wani rashi aka yi a unguwa?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Malama, da gaske ba ki sani ba?"

"Me zan sani?"

Ya nuna sama da yatsa. "Wancan abin naki. Cewa ake yana jin duk abin da ake faɗa a Zongo, yana kai wa gwamnati. Cewa ake shi ya tona motocin Alhaji Tanko. An ga Bature, an ga mai kaki, an ga motar gwamnati. Me kike so su ce?"

Na fara cewa ai ba haka yake aiki ba. Ya katse ni.

"Ba ni za ki gaya wa ba. Kin san waye babana? Zamanin mulkin soja, lokacin da kowace unguwa take da kwamiti, shi aka sa magatakarda, saboda shi ya iya rubuta Faransanci. Aka kama wani mutum a layin nan, ya dawo ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Aka ce babana ne ya kai sunansa. Ko shi ne ko ba shi ba, Allah ya sani. Lokacin ba mai iya magana. Da aka koma zaɓe, kowa ya samu baki, sai aka fara faɗa masa a fuska. Haka ya mutu ba mai zama kusa da shi a masallaci. Shekara da shekaru Inna tana bin gidajen mutane, biki, suna, ta'aziyya, har aka manta. Sai ga ki."

Ban san lokacin da na zauna a kan matakalar ba. Wata nawa ina cin abincin matar nan, ina kwana a ɗakinta, ina sanye da atamfarta, ashe kullum sai ta ratsa wannan maganar kafin ta iso gida ta tambaye ni ko na ci.

Na shiga ɗaki na ɗauki sifana na hau sama. Na ɗora ta a kan notin eriyar na farko. Sai na ji numfashi a bayana. Hajiya ce, ta hawo benen da gwiwoyin nan nata, tana dafe da bango.

"Me za ki yi?"

"Zan sauke shi, Hajiya. Ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"In kin sauke, karatun fa?"

"Ya lalace. Ba komai."

"Kin bar ɗiyarki tana koyon magana, kin zo nan, ki ce mini ba komai?" Ta zauna a bakin dakali tana haki. "Saurara. In kika sauke shi yau, ranar da suka ƙi zuwa, gobe za a ce an kama mu ne muka ɓoye. Ni na ce a ɗora, ba ke ba. Na san mutanena, na san abin da za su iya cewa, na kuma ce a ɗora. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki dubi Allah. Yana jin maganar mutane?"

"Ba ya ji, Hajiya."

"To ajiye ƙarfen nan ki zo ki taya ni raba abinci. Gidan marayu za a kai, kada ya lalace."

Hajiya ce ta je ta sami Liman, ta ce a tara mutane baƙuwarta ta yi bayani. Aka taru a zaurensa bayan la'asar, maza a ciki, mata a bakin ƙofa. Alhaji Tanko yana gefe, yana jan carbi, bai dube ni ba. Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, amma duk a Turanci na san shi. Da na buɗe baki da harshen uwata, sai na ji kalmomin sun watse.

Na ce, "Wannan na'ura, aikinta kawai ta saurari..."

Zauren ya ɗauka. "Kun ji ko? Da bakinta ta ce saurare yake!"

Na ce taurari yake saurare, ba mutane ba. Wani dattijo ya ce, "Taurarin na waye?"

Da na iya ƙarya da na ce na kowa ne. Na ce, "Sojojin wata babbar ƙasa ne suka harba su, amma kowa yana amfani da su."

Sai Alhaji Tanko ya yi magana, a hankali.

"Malama, abin da ya saurara, a nan yake zama ko ana kai shi wani wuri?"

"Ina kai wa Furofesa."

"Shi kuma?"

"Yana aika wa abokan aikinsa a waje."

Ya gyaɗa kai, ya miƙe ya sa takalmansa. Mutane da dama suka bi shi. Na tsaya a gaban waɗanda suka rage ina maganar danshi da jinkiri da damina, muryata tana ƙanƙancewa, har na ji kaina ina faɗin abin da ni ma ban gane ba. Duk amsar da na bayar gaskiya ce, kuma kowace ta ƙara danne matar da ta tsaya mini. Ban iya duban inda take ba.

Hajiya ce ta rufe taron daga bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, a gafarce ni. Ƙofata a buɗe take. Duk mai so ya zo ya hau ya gani, ya shiga ɗakin yarinyar nan ya duba. Yanzu ba zamanin da ba ne, ba wanda za a kama don ya yi tambaya."

Wasu sun zo. Matar Liman ce ta fara, sai mai ƙosai, sai wasu samari masu gyaran rediyo da suka buɗe bayan na'urar suna neman makirufo ba su samu ba. Nakan nuna musu lambobin a kwamfuta, in ce su dubi yadda suka hau yau, su kuma dubi sama. Wata tsohuwa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Duk wannan fitinar a kan ruwan sama?" Na ce eh. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta sauka. Gaisuwa ta dawo a wasu bakunan. A wasu ba ta dawo ba. Alhaji Tanko bai taɓa takowa ba, matansa kuma suka koma sayen atamfa a wata rumfa, suka ja ƙawayensu. Har yau ban san wanda ya tona motocinsa ba, ko ma babu wanda ya tona.

Haka na ƙarasa ƙaramar damina. Ina fita da sassafe kafin layi ya cika, ina dawowa kaina a ƙasa. Bayanan tashata sun fito cikakku, ba giɓi, Furofesa ya yaba a gaban kowa ranar da na kare aikina. Ana tafa mini, ni kuwa kujerun nan nake gani. Bayan nan muka kwance eriyar aka mayar jami'a.

Ranar tafiyata Hajiya ta ƙi zuwa kasuwa. Ta cika mini jaka da atamfa, da 'yar riga ta Hafsa, da soyayyen kifi a leda. Ta ɗauki wayar Nasiru ta kira wani direban tasi da zai kai ni iyaka. Na ji tana kwatance, bayan masallaci, kusa da mai gyaran taya. Direban bai gane ba. Sai ta ce, ba ta ko rage murya ba, "To in ka shigo Zongo ka tambayi Gidan Kunne. Kowa zai nuna maka."

Ban taɓa jin sunan ba. Na ce, "Hajiya, me kika ce?"

"Haka ake kiran gidan yanzu."

"Tun yaushe?"

"An jima. Na hana a faɗa a gabanki."

"Amma ai an sauke eriyar."

Ta ce, "An sauke."

Na durƙusa a gabanta, na kifa fuskata a cinyarta. Na fashe da kuka. Ta bar ni na ɗan yi, sannan ta ɗago ni da kafaɗa.

"Tashi ki wanke fuska. Ba za ki fita daga gidana da jan ido ba, a ce korar ki na yi."

Na wanke. Tasi ta tsaya a bakin titi saboda layin ya cika da ruwa. Nasiru ya ɗauki akwati ya yi gaba. Hajiya ta ɗora jakar a kanta, ta riƙe hannuna, muka fito. A hankali take tafiya, tana ɗingishi, kuma ba ta tsallake ƙofa ko ɗaya ba. Kowane shago sai ta tsaya ta kira mai shi da sunansa, ta ce, "Ɗiyata za ta koma gida, ta gama karatu, a sa mata albarka." Har ƙofar Alhaji Tanko ta tsaya ta faɗa.

Wasu sun amsa.